Ranar da Verlin Ya Tafa wa Pickett

Duk wanda ya san garinmu Tolliver ya san Verlin Stuckey, makanikin tarakta, mai gareji a bayan rumbunan masara. Dogo ne, ya ɗan rankwafa saboda yawan leƙen cikin inji, baƙin mai kuwa ya riga ya zama ɗan gida a faratansa. Mutum ne mai sauƙin kai. Manomi zai kira shi ana tsakiyar girbi ya ce inji ya mutu a gona, sai Verlin ya ajiye cokali ya ɗauki akwatin sifanu ya tafi. Amma a taɓo masa zancen ƙwallon kwando, nan take za a ga wani mutum daban.

Tun yana saurayi kujerarsa ɗaya a zauren wasan kwalejin Tolliver, da koriyar jaket ɗinsa mai launin makarantar, wadda ta koɗe har ta fita hayyacinta. Bai yi karatu a kwalejin ba, ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba, amma in ka ji yana cewa "yaranmu" sai ka rantse shi ya haife su. Burinsa ɗaya ne a duniyar nan: ya ga Tolliver a babbar gasar ƙasa ta watan Maris, ko da wasa ɗaya za su buga a koro su gida.

To shiga gasar nan ba wasa ba ne. Manyan rukunai na makarantun masu hannu da shuni, gurabe ake tara musu kamar rabon gado. Mu kuwa a rukunin Kogi gurbi ɗaya ne tal, na wanda ya ɗauki kofin rukuni. Ba a samun na biyu sai in kwamitin zaɓe ya duba ya ga rukunin da ƙarfinsa, wato 'ya'yansa suna fita waje suna dukan na wasu. Maƙwabtanmu na arewa, rukunin Tafki, su ma haka suke, kuma gurbin da muke hange shi suke hange. Shi ya sa gardamar wane rukuni ya fi ƙarfi ba ta taɓa mutuwa a gidan abincin Opal ba, inda dattawa ke karin kumallo a teburin jikin taga.

Abokin gardamar Verlin shi ne Dewey Prall, mai sayar da irin shuka, wanda ya yi karatu a wata makarantar Tafki kuma bai bar kowa ya manta ba.

"Rukunin Kogi?" in ji Dewey yana juya kofi. "Haba Verlin, wannan ai taron manoma ne. Na ƙarshenmu ma zai ba zakaranku kashi da hannun hagu."

"Tafi can, mutumin banza! Ku da kuke gayyato 'yan makarantar koyon ɗinki ku lallasa, ku ce kun ci wasa? Ku zo garinmu cikin sanyin Janairu mu gani."

"Wa zai zo? Hanyar ma sai an tambayi shanu."

Opal ta dire musu faranti ta ce, "Ku biyun nan ko tsani aka ba ku ba za ku taɓo kwandon ba. Ku ci ƙwanku kafin ya huce."

In Verlin na kare rukunin Kogi, yakan jero makarantunsa ɗaya bayan ɗaya yana yabo, amma akwai sunan da ba ya fita daga bakinsa, wato Pickett, masu jar riga, da ke ƙetaren kogi, tafiyar da ba ta kai awa ba. Yana saurayi Tolliver ta je can wasan kofi, aka jefa musu ƙwallo bayan ƙararrawar tashi ta yi kuka, alƙali ya ce ta shiga. Mai riƙe da agogon kuwa ɗan Pickett ne. A ranar Verlin ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka zauren nan ba. Mutane da yawa sun yi irin rantsuwar, suka manta kafin bazara. Shi kam taurin kai bai bar shi ya manta ba.

Sai Allah ya jarrabe shi da 'yarsa. Rhonda ita kaɗai suka haifa da matarsa Arlys, kuma a kafaɗarsa ta fara kallon wasa. Ta girma ta karanci aikin kula da raunin 'yan wasa, ta nemi aiki a Tolliver ba gurbi, Pickett ta ɗauke ta. Ranar da ta zo da albishir, Verlin bai ɗago daga cikin injin da yake gyara ba.

"Allah ya sa alheri," ya ce. "Amma kin san ba zan je ba."

"Ba su za ka je kallo ba, Baba. Ni za ka je gani."

"In ina son ganinki ai kin san hanyar gida."

Ta san hanyar kuwa. Tana zuwa cin abincin Lahadi, tana zuwa Kirsimeti, ana hira ana dariya, amma ba mai ambaton aikinta a kan tebur. Ko in Pickett ta zo wasa Tolliver, tana can bencin jajaye, shi kuma yana nasa ɓangaren yana kallon silin. Shekarun farko duk kaka sai ta aiko da tikiti biyu, Arlys ta tafi ita kaɗai, ta dawo ta ce, "Kai dai ka ji kunya, tsohon nan." Daga baya Rhonda ta koma aiko da ɗaya. Wannan ya soki Verlin, ya soke shi sosai, amma ya haɗiye. Zuwan Lahadin ma ya fara ja baya, yau aiki, gobe gajiya. Yana kallon 'yarsa tana zamewa daga hannunsa a hankali, ya kuma san laifin wa ne, sai dai bai san yadda zai sauko ba tare da gari ya yi masa dariya ba.

Bana sai Tolliver ta tashi da ƙarfin da ba a taɓa gani ba. Yaran suna ci gida da waje, har jaridun birni suka fara koyon rubuta sunan garin. Kowa ya san kofin rukuni abu ne na rana ɗaya, ƙafa na iya zamewa, don haka ido ya koma kan gurbi na biyu. A watan Fabrairu kuma akwai makon da ake haɗa 'yan Kogi da 'yan Tafki, kowa da abokin karawarsa. Aka yi ta bugawa aka tashi kunnen doki, ya rage wasa ɗaya ran Asabar da rana: zakaran Tafki zai sauka a Pickett. In Pickett ta ci, rukunin Kogi ya ɗaga kai, Tolliver ta amfana. In ta faɗi, shi ke nan.

Dewey ya zo gidan Opal bakinsa har kunne.

"To dattijo, wa za ka goya wa baya? Mu, ko masu satar agogo?"

Verlin ya daɗe yana tauna fanke kafin ya ce, "Rukuni zan goya wa baya."

"Rukunin ai jar riga zai sa ran Asabar!"

Aka kwashe da dariya. Verlin bai yi dariya ba, don wani tunani ya faɗo masa. Yau ga dalilin da ba mai iya kushewa. Ko Dewey ba zai ce ya karaya ba, hidimar Tolliver ce za ta kai shi.

Ran Asabar Arlys na fama da mura, ta ga ya sa jaket yana laluben makullin mota.

"Ina zuwa haka?"

"Aikin rukuni."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Oho. To ka gaishe min da rukunin, ka ce mata ta ci abinci."

Ya ƙetare gada ana yayyafin ƙanƙara, ya sayi tikitinsa a bakin ƙofa, ya hau can sama ya zauna. Zauren ja wur ko'ina, shi kaɗai kore. Wasu samari suka hango shi suka ce, "Kaka, ka ɓata hanya ne?" Ya harɗe hannu a ƙirji. Ya yi niyyar ya zauna haka har a tashi, addu'a a zuci, fuska a murtuke.

Ina! Jinin ƙwallo ba ya jin magana. 'Yan Tafki dogaye ne, suka fara danne Pickett, alƙali kuma ya ɗora wa ɗan Pickett wani laifi da bai yi ba. Verlin bai san sanda ya miƙe ba.

"Kai makaho! Wannan ai ko taɓa shi bai yi ba! A ina aka samo ka?"

Jajayen da ke kewaye da shi suka juyo, suka ga kore yana musu faɗa, suka tafa masa. Kafin hutun rabin lokaci wata tsohuwa da ke gefensa ta riga ta miƙa masa gugguru, suna zagin 'yan Tafki baki ɗaya.

An dawo daga hutu ba da jimawa ba, babban ɗan wasan Pickett, wani yaro Tremaine, ya yi tsalle ya sauko a kan ƙafar wani. Ihun da ya yi har sama aka ji. Sai Verlin ya ga wata mata ta taso daga ƙarshen benci da gudu, jaka a kafaɗa, ta durƙusa a gaban yaron. Rhonda ce. Ta dafa ƙirjinsa tana masa magana har ya daina birgima, sannan ta bi idon sawun da yatsu a hankali, kanta a karkace, tana sauraron abin da hannunta ke gaya mata. Haka shi ma yake bin inji in yana neman inda ya lalace. Kocin ya matso yana kumfar baki, ta ɗaga masa hannu ɗaya ko kallonsa ba ta yi ba, ƙaton mutum ya ja da baya.

"Kwantar da hankalinka," in ji tsohuwar. "Tunda Rhonda na nan, yaron yana hannu mai kyau. Kai baƙo ne, ba ka san ta ba. Jikana da ya karye, ita ta yi ta fama da shi har ya koma gudu. Mu a garin nan ba mu da kamarta."

Verlin ya buɗe baki zai ce 'yarsa ce, kunya ta hana shi. Da wane ido zai faɗa? Matar nan ta fi shi sanin aikin 'yar da ya haifa. Ya gyaɗa kai kawai, ya goge ido da hannun jaket.

Rhonda ta hana Tremaine komawa fili, duk da roƙon da ya yi. Sauran yaran suka zuciya, suka bi 'yan Tafki maki bayan maki, ana dab da tashi wani ɗan guntu ya jefa daga nesa ta faɗa. Pickett ta ci. Verlin Stuckey, da furfurarsa da koriyar jaket, yana tsalle yana rungumar mutanen da ya yi rabin rayuwarsa yana tsine wa. Cikin wannan hayaniya Rhonda ta ɗaga kai. Kore ɗaya a cikin ja ba ya ɓuya. Ta tsaya cak, sannan ta yafito shi.

Gara a faɗa tun yanzu, gurbin nan bai samu ba. Tolliver ta zame a wasan kofi, kwamiti kuma ya ba wata babbar makaranta kujerar kamar yadda ya saba, Dewey ya yi wata guda yana shan kofi da daɗi. Amma in ka tambayi Verlin, cewa yake bai taɓa ganin shekarar da Allah ya yi masa alheri kamar bana ba, kuma har Dewey yake gode wa da ya tsokane shi.

A ranar wasan dai, Verlin ya sauko ya sami Rhonda a bakin ɗakin jinya. Ya fara kame-kame.

"Kin san dai saboda rukuni ne. In kun ci, mu ma..."

"Na sani, Baba. Shigo."

Ba ta ce masa sai yau ba, ba ta tuna masa komai ba. Hannunsa ta kama ta ja shi ciki, inda Tremaine ke kwance da ƙanƙara a ƙafa, wasu yaran na zaune suna kwance takalma.

"Samari, ga babana," ta ce, muryarta a sama, kamar wadda ta kawo gwamna.

Tremaine ya ɗago ya miƙa masa hannu. "Kai, sannu Baba! Ashe kana da rai? Mama kaɗai muke gani, mun ɗauka ka rasu, shi ya sa ba mu taɓa tambaya ba."

Verlin ya ji maganar har ƙashinsa, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Yana nan da ransa," in ji Rhonda. "Aiki ne ya yi masa yawa." Ta warware bandeji, ta matsa masa wuri a gefenta. "Baba, wanke hannu ka riƙe min diddigen nan. A hankali fa, ba tarakta ba ce."

Ya wanke, ya zo ya tallabi ƙafar yaron da hannu biyu.

"Haka?" ya ce.

"Haka. Kada ka saki sai na ce."

"Ba zan saki ba, 'yar nan."