Sallau Bi-ruwa da filin mer

A Matameye, idan hadari ya haɗo daga gabas, kowa ya san abin da zai yi. Mata su kwashe shanya, masu tebur su ja leda a kan kaya, ƴan kabu-kabu su shige rumfa. Mutum ɗaya ne yake saɓa wa jama'a. Shi sai a lokacin yake naɗe wando zuwa gwiwa, ya cire takalma ya rataya a wuya, ya fita. Sunansa Sallau, amma an yi shekaru ba a kira shi haka kawai ba. Sallau Bi-ruwa ake ce masa, kuma yana amsawa.

Da hankalinsa sarai, ko da yake matarsa Batulu ta daɗe tana da nata ra'ayin a kan wannan. Magini ne ɗan magini. Tun yana taya mahaifinsa kwaɓa ƙasa ya gane cewa ramin da aka haƙa aka gina gidajen unguwa, shi ne kududdufin da yake shanye ruwan unguwar idan damina ta zo. Da bulon siminti ya kori ginin ƙasa, sana'a ta mutu a hannunsa, sai ya sami aikin lebura a meri, wato ofishin magajin gari, mutumin da ake kira mer a nan. Aikinsa yashe magudanun ruwa. Shekara ashirin da wani abu yana cikin kwata da shebur, kuma da idonsa ya ga yadda aka riƙa cike kududdufan cikin gari da shara, a daddaɓe, a kafa shaguna. Ya kuma ga inda ruwan ya koma, domin shi ake kira idan ya shiga ɗakunan mutane.

Wannan ne ya sa masa bin ruwa. Yana so ya san ta wane lungu yake bi, ina yake haɗuwa da ɗan'uwansa, ina yake kwanciya. Kuma kowace shekara ruwan yakan kai shi wuri ɗaya: wani kwari a bayan gari, mai babban gawo a tsakiya. Idan ruwa ya janye, sai Sallau ya je ya duba layin da ƙaiƙayi da kashin awaki suka bari a jikin gawon, ya buga ƙusa a daidai nan. Ƙusa ɗaya a shekara, a inda ruwa ya fi kaiwa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya tambaye shi, kuma ban taɓa jin ya yi wa kowa fahari da shi ba.

Da gari ya cika ya fara tumbatsa, aka turo mai awon filaye daga Damagaram don a yanka sabuwar unguwa. Abdulra'uf sunansa, matashi mai tabarau da haƙuri. Ya zo a tsakiyar rani, ƙasa ta bushe ƙamas, kwarin nan ya yi shimfiɗe gwanin sha'awa. Aka ba shi Sallau ya riƙa ɗaukar masa turaku. Abdulra'uf ya shimfiɗa takardarsa a kan mota, yana nuna inda tituna za su bi, inda bututun famfo zai ratsa, inda za a yi magudanai, har da inda za a sa makaranta idan yaran da ba a haifa ba sun isa shiga. Ya ce aikin shekara talatin ne yake zanawa.

Sallau ya saurara har ƙarshe, sannan ya kira shi yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci, ya ce, "Mushe, ruwan da ka tara a magudanan nan, ina za shi?"

"Zai gangara."

"Zai gangara ina?"

Abdulra'uf ya duba takarda, ya duba fili. Sallau ya ce ya biyo shi. Ya kai shi gindin gawo ya nuna masa ƙusoshi, wasu sun yi tsatsa har itacen ya fara haɗiye su. Abin da ya burge ni da matashin nan shi ne bai ji kunyar koyo daga lebura ba. Ya auna kowace ƙusa daga ƙasa, ya koma Damagaram, ya dawo bayan wata guda da sabon zane. An juya bakin magudanun tituna shida zuwa kwarin, kwarin kuma an bar shi fayau, ba fili ko ɗaya a ciki.

Sallau ya san mutanensa. Takarda tana cikin kabad, su kuwa fili suke gani. Sai ya roƙi Abdulra'uf ya rubuta masa sunan wurin da Faransanci, don ya sa a yi allo. Abdulra'uf ya rubuta haruffa huɗu a guntun kwali: MARE, wato tafki. Sallau, wanda bai taɓa shiga lakwal ya koyi boko ba, ya kai kwalin da murfin tsohuwar durom wurin Iliyasu mai fenti.

Iliyasu ya yi aji biyar kafin ya gudu, kuma bai taɓa yarda cewa akwai Faransancin da ya fi ƙarfinsa ba. Ya kalli kwalin, ya girgiza kai don tausayin masu ilimin zamani da ba su iya rubutu ba, ya ƙara harafin da yake ganin an manta. Ya zana MAIRE da jan fenti, manya-manya. Harafi ɗaya siriri ya mayar da tafki magajin gari. Sallau ya karɓa da godiya, ya kafa a bakin kwari da hannunsa.

Kafin mako ya zagayo, labari ya gama gari: mer ya ware wa kansa fili, kuma wane irin fili. Da Abdulra'uf ya dawo ya ga allon, ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya bayyana wa Sallau abin da ya faru, ya ce a kai a gyara. Sallau ya ce to. Amma a ranar, yana tsaye, ya ga mai amalanke ya taho da lodin shara, ya ɗaga kai ya ga jan rubutu, ya juya sansa ya koma. Kashegari ya ga wani ma ya yi haka. Sallau bai kai allon gyara ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Unguwa ta tashi, aka ja famfo, aka zuba jar ƙasa a tituna, gidaje suka kewaye kwarin ta ɓangare uku. Duk wanda aka zaɓa mer, sai a ce fili ya koma hannunsa. A majalisar masu shayi ana cin naman bayin Allah a kan filin da ba su san da shi ba, Sallau yana zaune, yana kurɓar shayinsa, bakinsa gum. Abin yana damunsa, kada a ce ba ya damunsa. Amma duk damina sai ya ga ruwan tituna shida ya kwanta a kwari, ba ɗakin da ya jiƙe, sai ya ce wa kansa baɗi zai faɗa.

Zuhra ce ta kawo ƙarshen baɗin nan. Ita ce ƴarsa ta fari, mijinta direban hanyar Ɗan Barto ne, ya rasu ya bar ta da yara huɗu da keken ɗinki a ɗakin haya guda. Shekara uku tana ajiye da wata ƙofar ƙarfe shuɗiya a jingine a bayan ɗakin, ta ce ta gidanta ce idan Allah ya kawo. Wata Laraba ta shigo gidan mahaifinta da fara'ar da ya daɗe bai gani a fuskarta ba.

"Baba, ka taya ni murna. Mai unguwa ya aika an tambayi sabon mer, ya ce shi ba shi da fili a can, na gabansa ma ba su da shi."

"Iyakar abin da ya ce ke nan?"

"Wai ya ce a je a duba takardu. To, tunda ba mai shi, mai unguwa ya rubuta sunayen marasa gida. Ran Asabar za a kafa turaku, sannan a kai sunayen meri a nemi yarda. Ni ce ta uku, Baba."

Sallau ya ce Allah ya sa alheri. Ya san idan turaku suka shiga ƙasa, bulo zai biyo baya, kuma ba mai zuciyar da zai rushe ɗakin gwauruwa mai marayu. Kwana biyu Batulu tana ɗauke kwanon tuwonsa kusan yadda ta ajiye. Ta tambaye shi ko ciki ne, ya ce a'a.

Ran Asabar da hantsi kwari ya cika. Mai unguwa Mahamadu yana tsaye da takardar sunaye, maza da igiyoyi da turaku, mata a gefe guda. Har Iliyasu mai fenti ya zo, shi ma sunansa yana ciki. Sallau ya ratsa su ya tsaya a gindin allon.

"Ranka ya daɗe, ina da magana kafin a fara."

"Bismillah, Malam Sallau."

"Filin nan da mai shi. Ruwa ne mai shi. Abin da mai awo ya rubuta, tafki ne. Wurin zana allo aka ƙara harafi."

Idanu suka koma kan Iliyasu. Ya gyara hula ya ce, "Ni fa gyara na yi." Wasu suka fashe da dariya, amma mai unguwa bai yi ba.

"Kai tun yaushe ka sani?"

"Tun makon farko."

"Shekara goma sha ɗaya kana ji muna zagin mutane, ka yi shiru?"

"Na yi shiru, ranka ya daɗe. Na ga kun fi tsoron mer da ruwa. Alhakin mutanen nan yana wuyana, kuma zan bi su gida-gida in nemi gafara. Amma kada a kafa turke a nan."

Wani daga baya ya ce ai sai a cike wurin da ƙasa, kamar yadda aka yi a cikin gari. Sallau ya juya ya nuna bakin magudanai ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan kowane titi. Ya ce ruwa ba ya ɓacewa don an cike masa wuri, na gaba a gangare yake nema, kuma na gaba a gangare layin mai unguwa ne. Ya ce akwai wasu tituna huɗu a takarda da ba a buɗe ba tukuna, su ma nan za su zubar. Mutane suna ji, amma rana tana dukan busasshiyar ƙasa, kowa kuma yana riƙe da turkensa. Ya ga maganar ba ta shiga.

Sai ya yi abin da har yau nake ganin ya yi tsauri, ko da yake ban san wata hanyar ba. Ya ce, "Zuhra, zo ki tsaya nan."

Ta taho a hankali, turke a hannu, ta tsaya a jikin gawon. Ƙusoshi sun jeru tun daga gwiwarta. Ta sama, ta shekarar babban ruwa, tana daidai kafaɗarta. Sallau ya ce kowace ƙusa iyakar ruwan shekara guda ce. Wata mata ta ja ƴarta kusa da ita. Mai unguwa ya daɗe yana kallon ƙusar, sannan ya ninke takardar sunaye ya sa a aljihu. Zuhra ta ajiye turken a gindin bishiya, ta wuce ta gaban mahaifinta ba ta dube shi ba.

Kashegari Iliyasu ya zo da wuƙa ya kankare harafinsa, ya ƙara da Hausa a ƙasa: Tafki, wurin ruwa. Sallau ya cika alkawari, ya bi ƙofofin da ya ce zai bi. Zuhra kuwa takan zo gaisuwa kowace Juma'a, ta durƙusa, ta tambayi lafiya, ta tashi. Ba ta zama. Wata huɗu ana haka, kuma ya fi jin wannan a ransa fiye da duk abin da aka faɗa masa a gari.

A watan Agusta aka yi ruwa tun daga azahar har bayan la'asar, irin wanda ba a ganin gidan maƙwabci. Kwari ya cika ya zama tafki na gaske, gawo a tsakiya ba ganye, kamar yadda yake yi da damina. Ba gidan da ruwa ya shiga a sabuwar unguwa. Bayan kwana biyar ruwa ya ja baya, Sallau ya ɗauki guduma da ƙusa ya tafi, yana ɗingishi, don gwiwa ta fara ba shi labarin shekarunsa.

Ya tarar da Zuhra a can, ta ɗage zane, laka har idon sawu, tana kallon layin ƙaiƙayi a jikin bishiya. Layin ya wuce tsohuwar ƙusar sama da kamar yatsa uku.

"Kin zo," in ji shi.

"Na zo in ga ɗakina." Ta nuna wani wuri da ruwa yake kwance har yanzu. "Can na so in sa gadon yara."

Ya ɗaga ƙusa zai saita, ta zame ta faɗa cikin laka. Zuhra ta sunkuya ta lalubo ta, ta goge a gefen zane, ta ɗora bakinta a kan layin.

"Har yanzu ban huce ba, Baba," ta ce. "Ƙofata tana nan a jingine. Buga, na riƙe."