Ta Ƙarshe a Layin Baba Kirsimeti

Mahaifina ne Baba Kirsimeti na cocinmu a Sabon Gari tun ban iya ɗaura zane ba. Kowa ya sani, har yaran da ke ihu idan ya shigo. Ina za a ɓoye wannan tafiya tasa, ƙafa ɗaya na jan ɗaya? Amma da zarar ya saka jar riga ya manna gemun auduga, sai ya daina sanin kowa. Duk yaron da ya zo gabansa sai ya duƙa ya tambaye shi, "Ɗan wa ne kai?" Sai ka faɗa kafin ya sa hannu a buhu.

Ni ce ta ƙarshe a layi kullum, don kada a ce ya fifita 'yarsa. Abin yana ƙona mini rai. In iso gabansa ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "Ke kuma 'yar wa ce?" In ce 'yar mai gadin jirgi, don aikinsa ke nan a tashar jirgin ƙasa. Sai ya ja mini kunne a hankali, ya ciro kyautata daga aljihunsa, inda ya ɓoye tun safe.

Baba bai taɓa yarda cewa Baba Kirsimeti na asali Bature ne daga ƙasar ƙanƙara ba. A faɗarsa, a tashar jirgin ƙasa ta Zariya ya fara, mai gadi ne kamarsa. Fasinjoji sukan sauka su manta da ƙunshinsu, takalmin yaro, 'yar tsana, ƙullin gyaɗa, shi kuwa ya tara a buhu yana jiran masu su. Da shekara ta ƙare ba wanda ya dawo, sai ya ɗinka riga da jajayen tutocin tsayar da jirgi don a hango shi daga nesa, ya shiga gari yana tambayar yara ko ubansu ne ya manta. Gemun kuwa, audugar da ake loda wa jirgi ce ta maƙale masa. Na girma, na yi karatu, kuma har yau ban ji labarin da ya fi wannan shiga hankali ba.

Yanzu Baba yana wurina a Samaru. Mantuwar tsufa ta kama shi. Ni nake masa wanka, ni nake ba shi abinci a baki, in dawo daga makarantar da nake koyarwa in tarar ya ɗaure kayansa wai jirgi zai tashi. Wani lokaci ya kira ni da sunan mahaifiyata, wani lokaci ya ce mini malama. Na gaji, gajiyar da barci ba ya cirewa. Abin da nake roƙo kawai shi ne ya kalle ni sau ɗaya ya san ni ce.

Da watan Kirsimeti ya kama bara, sai ya fara birkita ɗaki yana neman rigar. Na hau keke na je Sabon Gari. Dattawan coci sun karɓe ni da mutunci, amma rigar tuni an ba wani saurayi mai ƙaton ciki, kuma ban ga laifinsu ba. Na biya kasuwa na yanki jan yadi, na sayi auduga a kemis, da biskit da alawa da balan-balan. A hanyar dawowa ina ta yi wa kaina dariya, mace da furfura tana ɗauke da gemu a leda.

Ranar Kirsimeti da yamma na zaunar da shi a tsakar gida. Yaran maƙwabta suka yi layi, na coci da na masallaci, har da ɗalibai biyu 'yan haya da ba su da kunya. Ikon Allah, mutumin da ba ya iya riƙe cokali sai ga shi ya miƙe zaune, murya ta dawo. "Ɗan wa ne kai?" Bai tsallake kowa ba. Na ga ya zare biskit ɗaya ya tura a aljihu.

Na bi bayan layi, na tsaya a inda na saba.

"Ke kuma 'yar wa ce?"

"'Yar mai gadin jirgi ce, Baba."

Na sunkuyar da kai, na kawo kunnena kusa da hannunsa. Ya laluba buhu ya ba ni alawa kamar kowa, ya ce Allah ya yi mini albarka. Sannan ya leƙa bayana.

"Malama, ba ki ga 'yata ba? Ita ce ta ƙarshe kullum."

Yara suka watse. Na ce ya kawo in cire masa gemun, ya ƙi, hannunsa na kan aljihu. Na jawo kujera na zauna kusa da shi, na ce masa tana hanya.