Harawar da Inna Ta Tara

Duk sanda na wuce inda ake casar wake, ƙamshin busasshiyar harawa ya bugi hancina, sai tunkiyar Inna ta faɗo mini a rai.

A wani ƙauye kusa da Bukkuyum na tashi. Shekarar da mahaifinmu ya rasu, yayansa, wanda muke kira Baffa, ya karɓe gonarmu. Abin da ya rage wa Inna tunkiya ce guda, mai ciki. Ka san ranin ƙasarmu, dabba ba ta da abinci sai abin da mai ita ya tanada.

Da kaka ta yi, ni da Inna muka bi masussuka muna sharo ƙaiƙayin gero da kowar wake. A gonar mahaifina kuma muka tsince harawar da aka watsar bayan roro, muka ɗaure, muka jera a kan rumfa. Kullum Inna takan kwaɓa ƙaiƙayi da dusa a ruwan tsari, ta barbaɗa kanwa. Tunkiya ta murje, gashinta har sheƙi yake.

Wata safiya Baffa ya shigo, ya ɗaga kai.

"Harawar ga daga ina?"

Inna ta durƙusa. "Yaya, wadda anka watsar ce."

"A gonar wa?"

Baffa ba ya kiwon ko akuya. Ya sauke ɗaurin nan kaf, ya tara a tsakar gida, ya ƙyasta ashana. Bai tafi ba sai da ta zama toka. Tunkiya tana turke tana fizgar igiya.

Tagwaye ta haifa a tsakiyar rani, ba nono. Inna ta gwada ba su kunu da yatsa, duka suka mutu. Uwar ta shiga cin leda a juji, cikinta ya kumbura, maƙwabcinmu ya yanka ta don kada ta yi mushe. Ba a gama fiɗa ba Baffa ya aiko a kai masa cinya, wai shi ne babba a gidan. Ni na kai.

Yau ba mai watsar da harawa, a kasuwar Bukkuyum ake jera ta kamar hatsi. Baffa ya daɗe da rasuwa, gona ta dawo hannuna, tumakina sun cika garke. Amma har yanzu in na kawo harawa gida, Inna ba ta yarda a ɗora a rumfa. Ɗakinta take sa a kai, a tura ƙarƙashin gado.