Haruffan da Ke Aljihun Baba

A shagon kwamfutar da nake zuwa buga takardu, wani dattijo na zaune a kujerar kusurwa. Rigarsa ta aiki ce, ta koɗe har ba a gane launinta, amma haruffan da aka ɗinka a kan aljihun suna nan daram. Da yatsa ɗaya yake bugawa, kamar kaza na tsintar tsaba.

Na leƙa. Shafin intanet yake haɗa wa tsoffin ma'aikatan wata masaƙa da aka daɗe da rufewa. A ƙasan rubutun yana sa alamar tauraro, sai gajeren sunan ƙungiyarsu, wato haruffan nan na aljihunsa, a cikin baka biyu, sai ɗigo biyu, sannan cikakken sunan, yana furta shi a hankali kamar mai yi wa mamaci addu'a. Da rubutun ya fito a shafin, sai ga ɗige-ɗige a ƙarƙashin haruffan. Ya kai kibiyar linzamin kwamfuta kansu, cikakken sunan ya bayyana.

Mai shagon ta ce, "Baba, wahalar banza kake sha. Yanzu kowa a waya yake karatu, waya kuwa ba ta da linzami. Wa zai gani?"

Ya ce, "Na sani, 'yata. Jikokina ma sun ɗauka ƙungiyar ƙwallo ce."

Ina zaton yawancin waɗanda suka san ma'anar sun riga mu gidan gaskiya. Har na tashi bai ɗaga hannunsa daga kan linzamin ba, don da ya motsa sunan zai ɓace.