Wasiƙun da Gwaggo Ta Sassauta

Gwaggona, yayar babanmu, ta yi shekara ashirin da shida tana buga wa mutum ɗaya wasiƙu. A unguwa Mai Tafireta ake ce mata, har yanzu da ta yi ritaya, yatsunta suka kumbura da sanyin ƙashi. A hannunta na tashi, don haka na san ƙarar tafireta tun kafin in san karatu. Ranar da aiki ya yi mata yawa a ofis takan ƙarasa a gida, ta ɗora ƙaramar tata a kan teburin cin abinci, muna ci a gefe tana bugu a gefe.

Mutumin da take wa aiki farfesa ne a sashen falsafa na jami'ar garinmu. Ɗan siriri ne mai ƙatuwar murya, ba ya ɗaukar waya, komai sai a wasiƙa. Yana rubuta wa tsofaffin ɗalibansa, da masu buga mujallu, da abokan gardamarsa na ƙasashe daban-daban. Da hannu yake rubutawa, rubutun kuwa kamar kaji sun yi tono. Gwaggo kaɗai ke iya karanta shi. Takan saka takardar kabon ta fitar da kwafi uku: na sama ya shiga ambulan, na biyu ya shiga fayil ɗin ofis, na uku ta maƙale shi da rubutun hannun ta sa masa a jaka. Ya ce mata waɗannan na wuta ne, ƙonawa yake yi in ya je gida. Sa hannu kuwa a tsaye yake yi, yana magana da wani, ko kallon takardar ba ya yi.

Shekara huɗu bayan rasuwarsa, wata Laraba da hantsi, aka kira wayar Gwaggo. Ina wurin, muna ninke wanki. Mace ce daga ɗakin adana takardu na jami'ar. Ta ce iyalan Farfesa sun ba su kwali arba'in da ɗaya na wasiƙunsa, ita aka ɗora wa aikin jera su, a ba kowace lamba, a rubuta wa aka aika wa da yaushe. Da yawa ba su da kwanan wata, rubutun hannun kuma yawancinsa ya gagare ta, an ce mata Mama ce kaɗai za ta iya.

"Wane rubutun hannu?" in ji Gwaggo.

"Na asalin, Mama. Duk suna nan, kowanne maƙale da kwafin da kika buga."

Gwaggo ta ce to, za ta duba ta gani. Ta ajiye wayar a kan zanin gadon da take ninkewa, ta nemi bakin gado ta zauna.

"Bai ƙona ba," ta ce.

Na ce, "Me bai ƙona ba, Gwaggo?"

Ranar ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai maigidanta, Allah ya jiƙansa. Tana da shekara ashirin da uku ta fara aikin. A makonta na biyu Farfesa ya miƙo mata amsar da ya rubuta wa wani mai mujalla. Hujjojin ciki tsaf suke, amma a tsakaninsu zagi ne kamar a bakin tasha. Ta kai wurin da ya ce wa mutumin abin da ya rubuta shirme ne tsantsa, wanda ko yaron goye zai ji kunyarsa, sai yatsunta suka ƙi tafiya. A gidansu ba a ce wa babba haka. Ta buga cewa akwai wuraren da ya kamata a sake dubawa. Ta miƙa masa, ya sa hannu, ya wuce aji. Bayan mako uku mai mujallar ya aiko da godiya, ya kuma gyara rubutun nasa.

Daga nan abin ya zama jiki. Ba ta taɓa taɓa hujja ba, ta rantse mini a kan wannan. In ya ce abu kaza kuskure ne saboda kaza, haka take bugawa, ko waƙafi ba ta ragewa. Zagin kawai take tsincewa. Har mutane suka fara cewa Farfesa bakinsa ne da kaifi amma alƙalaminsa da sanyi. Da ya rasu ma an rubuta haka a jarida, ta karanta ta kasa cin abinci.

"Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da mece ce gaskiya," ta ce, "ni kuma ina bayansa ina sa masa maganar da bai faɗa ba. Yanzu ga shi za su ɗora wannan kusa da wannan su gani."

Na ce ai ba laifi ba ne, gyara ne. Ta harare ni. "Ke akawu ce a asibiti. In likita ya rubuta abu kika sauya, gyara za a ce?"

Mako biyu tana ja da baya. Yau gwiwa, gobe hadari. Matar ta sake kira sau biyu, cikin ladabi. A ƙarshe na ɗauki hutun yini ɗaya na ce ta shirya in kai ta. Ta sa kayanta na zuwa gaisuwa, ta zuba magungunanta duka a jaka, har da na dare. Na ce na mene ne, ta ce ko za su riƙe ta. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ɗakin yana hawa na biyu a bayan laburare. Sanyi kamar cikin firij, tagogi a rufe, dogon teburi a tsakiya, kantoci har rufi cike da kwalaye masu ruwan toka. A ƙofa aka karɓe mana biro, aka ce fensir kaɗai ke shiga. Ma'aikaciyar za ta yi shekara hamsin, tabarau rataye a wuyanta da igiya, a gabanta akwai ɗan gwangwani cike da tsatsattsun allurai da ƙusoshin maƙala takarda da take cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ta taso da sauri, ta rusuna, ta ja wa Gwaggo kujera.

Gwaggo ta ƙi zama. Ta riƙe jakarta da hannu biyu ta ce, "'Yar nan, kafin ki wahalar da kanki, akwai abin da zan gaya miki. Abin da ke rubutun hannun nan da abin da na buga ba ɗaya ba ne. Ni na sauya. Ba wanda ya sa ni, shi ma bai sani ba. In akwai wanda za a kai ni wurinsa, a kai ni."

Matar ta ce, "Mama, tun a kwali na uku na gane. Don Allah ki zauna. Amma wa ya ce miki bai sani ba?"

Ta je ta ɗauko wani fayil, ta buɗe a gaban Gwaggo, ta miƙa mata gilashin ƙara girman rubutu. Kwafi na uku ne, irin wanda take sa masa a jaka. A gefen takardar, daidai layin da ta sauya, akwai ɗan rubutu da fensir, na kajin nan da ba ta mantawa. Ta sunkuya ta karanta a fili, a hankali.

"Ya fi nawa."

Matar ta juya wata. Gwaggo ta karanta: "Haka ya kamata in ce tun farko."

Wata kuma, wadda ya aika wa ƙanensa: "Da ta bar ta yadda take, da ya daina zuwa. Yanzu ga shi zai zo ya kwana uku."

Sai wata da aka danna fensirin har ya kusa huda takardar: "Ta ɓata mini wannan. Jaki na ce, kuma jaki nake nufi."

A nan dariya ta ƙwace mini. Ma'aikaciyar ma ta toshe baki. Gwaggo ba ta ɗago ba, ta ce a nemo mata ta mai mujalla, ta faɗi shekarar da watan. Ba a daɗe ba aka samo, don tana cikin waɗanda aka riga aka ba lamba. Takardar ta yi ja don tsufa. A ƙasanta ya rubuta: "Sabuwar yarinyar nan ta cire mini haƙora. A bar ta, mu gani."

Gwaggo ta ajiye gilashin. Ta zauna a kujerar da aka ja mata tun ɗazu, ta saki jakar har ta zame ƙasa, kwalaben magani suka yi ƙara. Ta ce alhamdu lillahi sau uku. Hawaye ya zubo, ma'aikaciyar ta yi maza ta janye fayil ɗin kada ya ɗiga a kai, ta kuma ba da haƙuri a kan janyewar. Da ta share ido sai faɗa ya taso.

"Shekara ashirin da shida! Kullum in miƙa masa takarda cikina ya ɗuri ruwa, ashe tsohon nan yana sane, yana kallona ta wutsiyar ido. Ya je gida ya miƙe ƙafa yana ba ni maki kamar ɗalibarsa. Ko sau ɗaya ya ce, ke, na gani. Allah ya jiƙansa, amma wallahi bai kyauta ba."

"Amin," muka ce, muna ƙunshe dariya.

Ma'aikaciyar ta ce ita damuwarta daban ce. Kowace wasiƙa tana da kati, a katin akwai layin da ake rubuta wanda ya rubuta ta. Wata uku ke nan tana tunanin abin da za ta sa a waɗanda aka sauya. Farfesa ne ya rubuta, ya sa hannu, ya kuma yarda, amma kalmomin ba nasa ba ne duka. Tana so ta ƙara layi a faɗi gaskiya, ta sa sunan Mama.

Gwaggo ta ce sunanta ba zai shiga ba, ita ba ta yi falsafa ba. Suka yi ta ja har aka kawo shayi a ɗakin waje, don ba a shiga da ruwa inda takardu suke. A can suka daidaita: za a rubuta "an sassauta a hannun mai buga masa", a ajiye rubutun hannun da kwafin a fayil ɗaya, duk mai son ɗaya a ba shi duka biyun.

A mota da za mu koma barci ya ɗauke ta tun kafin mu fita daga ƙofar jami'a, bakinta a buɗe. Sai da na zagaya unguwa sau biyu kafin in tashe ta.

Daga makon ta fara zuwa Talata da Alhamis. Ni nake sauke ta in wuce aiki. Ashe abin da aka kira ta dominsa ta fi kowa iyawa. Wasiƙar da ba kwanan wata, sai ta ɗaga ta wajen fitila ta ce wannan bayan an sauya musu ofis ne, don a wajen kwashe kaya tafiretar ta faɗi ƙasa, tun daga ranar harafin "r" yake ɗan ɗagawa sama. Wadda tawadarta shuɗiya ce, ta shekarar da baƙar ta yanke a kasuwa ce. Inda Farfesa ya rubuta "Mai Gemu" ko "mutumin ƙetaren kogi", ita ta san su wane ne, har da abin da ya haɗa su faɗa. Ma'aikaciyar na rubutawa da fensir, wani lokaci ta ce, "Mama, a hankali, hannuna ya gaji." Cikin wasiƙu dubu uku da ɗari takwas, waɗanda ta taɓa sun kai ɗari shida da goma sha biyu. Ita da kanta ta yi mamaki, ta ce ta ɗauka sun fi haka.

Ana cikin wata na bakwai da fara zuwanta wani mutum mai furfura ya zo neman wasiƙun da Farfesa ya aika wa mahaifinsa, wanda shi ma malami ne a wata jami'a, ya rasu. Ya ce akwai guda ɗaya da baban ya sa a gilashi ya rataye a falo shekara talatin, yana so ya ga ko akwai sauran. Gwaggo tana ƙarshen teburin. Ta ce mini da ta ji haka ta so ta tashi ta shiga banɗaki, amma ta zauna.

Aka kawo masa fayil ɗin, duka biyun kamar yadda aka tsara. Ya karanta wadda ya sani, inda aka ce wa babansa ra'ayinsa yana buƙatar ƙarin nazari. Ma'aikaciyar ta nuna masa Gwaggo ta ce ga wadda za ta karanta masa ta hannun. Gwaggo ta matso, ta gyara tabarau, ta karanta ba ta tsallake komai ba, har inda Farfesa ya ce kan mutumin tulu ne da aka kife, ko an zuba ruwa ba ya shiga.

Mutumin ya yi dariya har ya dafa teburi. Ya ce, "Mama, ke ce ashe! Baba ya sha tsayawa gaban gilashin nan ya ce, wannan ladabin ba na mutumin nan ba ne, akwai mai taimakonsa. Shi ya sa ma ya rataye ta, wai ita ce kaɗai hujjar da yake da ita cewa Farfesa yana da ɗan'uwa mai hankali."

Ya roƙi a yi masa hoton rubutun hannun ya kai wa ƙannensa.

An gama jerin wasiƙun a bara. Gwaggo ba ta daina zuwa ba, don an samo wasu kwalaye tara na takardun laccarsa a gidan 'yarsa, su ma ba mai iya karantawa sai ita. Ta ce waɗannan ba ruwanta, ba ita ta buga ba, duk abin da ke ciki shi da ɗalibansa.