Ranar da Yallaɓai Modu Ya Kai Kuka ta Lasifikata

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da Yallaɓai Modu ya kai ƙarar duniya gaban Allah ta cikin lasifikata ba. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan kun same shi da farin gemu da carbi, kuna ɗauka waliyyi ne. To ku saurara.

Lokacin ni ke kula da kayan sauti a wani shirin tallafa wa manoman fadama, ofishinmu yana Gashuwa. Aikina in tayar da janareta, in rataya lasifika a kan bishiya, in tabbatar manya sun ji daɗin muryarsu. Yallaɓai Modu shi ne shugaban shiyya. Ya dawo daga wani taro da ɗan makirfo marar waya, wanda ake maƙalawa a wuyan riga. Na ce, "Yallaɓai, abin nan ba shi da kunya fa, sai ka danna nan yake shiru." Ya harare ni. "Sale, ni za ka koya wa?"

A daminar nan ambaliya ta cinye shukar farko, sai aka sa ranar rabon irin shinkafa. In irin bai shiga ƙasa a makon ba, shekarar ta tafi. Tun da hantsi manoman Dagona da ƙauyukan kewaye suka cika harabar ofishinmu. Ita kuwa motar irin ta taso daga Nguru ta kafe a inda ruwa ya yanke hanya. Mu na ofis mun sani, amma a aikinmu ba a cewa mota ta kafe. Cewa ake "tana hanya". Yallaɓai ya faɗa, ya maimaita, har azahar ta gota. Sai aka fara ƙus-ƙus cewa ya sayar da irin a kasuwar Nguru. Na ga samari suna tsintar hoge.

Yallaɓai ya ce yana zuwa, ya faɗa sito ya rufo ƙofa. Can sai lasifika ta yi gyaran murya.

"Ya Allah, na gaji! Ya Allah, Ka fi kowa sanin ko ƙwaya ban taɓa ba."

Kun san mutanenmu, ba sa jin "ya Allah" su yi shiru. Harabar ta ɗauka, "Amin!"

Na kai hannu zan kashe, sai wani dattijo, Baba Kaku sarkin noman ƙauyensu, ya damƙe mini wuyan hannu. Ya ce, "Kai yaro, a gidanku ana katse addu'a?"

Yallaɓai ya toshe kunnuwa da kukansa, bai ji komai ba. "Ya Allah, ga hawan jini, ga na sama sun ce kada in faɗi gaskiya, ga mota a cikin ruwa bayan gadar nan tun asuba. Ya Allah, Ka shirya direban nan Ba Gana, in ba mai shiryuwa ba ne Ka mayar da shi tuƙin amalanke!"

"Amin!" har da masu tafa cinya.

"Ya Allah, kada Ka bari a jefe ni a gaban jama'a da sunan ɓarawo. 'Ya'yana a garin nan suke makaranta."

A nan muryarsa ta karye. Amin ɗin da ta biyo baya a hankali ta fito, ni kaina sai da na share ido. Wannan amin ɗin ce kuma ya ji. Ƙofar sito ta buɗe, ya leƙo, hula a karkace, ya dubi wuyan rigarsa, ya dube ni. Da ido yana kisa, da ranar aka yi mini sutura.

Baba Kaku bai tsaya jiransa ba. Ya juya ya yi wa mutanensa magana da yarensu na Badanci, sai harabar ta watse, masu babur suka yi gaba. Ashe kwalekwale suka je ɗaukowa. Kafin rana ta yi ja sun fito da buhunan kaf daga ruwa, kowane ƙauye ya karɓi nasa. Da Baba Kaku zai tafi ya tsaya gaban Yallaɓai ya ce, "Ɗana, da tun da safe ka gaya mana abin da ka gaya wa Allah, da yanzu muna gona. Mu ruwa ba baƙonmu ba ne."

Abin da na koya ke nan: manomi zai jure labarin mota a ruwa, amma ba zai jure "tana hanya" ba. Yallaɓai kuwa har gobe, kafin ya ɗaga hannu addu'a, ko a masallaci ne, sai ya shafa wuyan rigarsa. Ku lura da shi ranar Juma'a.