Hilarión da Ƙofar Tafki

Hilarión Chinchay manomin dankali ne a ƙauyen da ke gindin tafki, inda ƙanƙarar kan dutse ke narkewa ta taru. Ruwan nan ya shayar da gonarsa tun yana saurayi, har ranar da kamfanin lantarki ya huda gefen tafkin ya kafa ƙofar ƙarfe. In birni na son wuta, sai a saki ruwa da ƙarfi ya kwashe shuka. In ba ya so, rafi ya bushe ƙaf.

Da dankali ya sake ƙonewa, Hilarión ya ja mutanen ƙauye suka hau, suka kori mai gadi, ya garƙame ƙofar da sarƙa. A kafaɗa aka sauko da shi ana ta murna.

Injiniyar kamfanin ta biyo shi har gida. "Baba, in tafkin ya cika, ƙanƙara ta ɓallo ta faɗa ciki, ba gona kaɗai zai ci ba."

"Yau kuma tausayinmu kike ji, 'yata? Da kuna shanye ruwan ina bakinki yake?"

Matarsa Eulalia tana sussukar masara ta ce, "Kai tsoho, kanka ya fi dutsen nan tauri. A rage shi ko kaɗan ne mana."

"To, ke ma sun ɗauke ki aiki ke nan?"

Daga baya ya sauko. Ya ce zai buɗe in za a raba ruwan da manoma. Kamfani ya ƙi, ya kai ƙara. Hukuma ta ce a jira hukunci. Ana jira tafki na cika.

Wata safiya yana kiwon tumaki a kan tudu ya ji ƙara kamar dutsen ya tsage. Yana kallo taɓo da duwatsu suka bi kwarin, suka shafe rabin ƙauyen. Eulalia na bakin rafi tana wankin ulu. A ƙarƙashin gada aka tsinci gawarta.

'Yan sanda suka mayar wa kamfani ƙofarsa kafin a gama binne mutane. Maƙwabtan da suka rasa nasu suka daina gaishe shi.

Yanzu yana birnin Huaraz wajen 'yarsa, yana dako a kasuwa. In an tambaye shi ƙauyensu, sai ya ambaci wani daban.